Saiwa Mai Jin Labarin Taki: Nazarin Binciken Brian Forde kan Tsirowar Saiwa da Saƙon Naitiret

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun binciken Brian G. Forde, masanin tsirrai da ya yi aikinsa a Birtaniya, tun daga nazarinsa kan masara a Jami'ar Edinbara a shekarun 1970, zuwa gano ƙwayar gadon ANR1 a cibiyar Rothamsted a 1998, har zuwa aikinsa kan gulutamet a Jami'ar Lankasta. Hujjar maƙalar ita ce, babbar gudummawarsa ita ce tabbatar da cewa saiwa tana karɓar naitiret, wato wani nau'in naitirojin da ke cikin ƙasa, a matsayin labari tun kafin ta ci shi a matsayin abinci, kuma tana auna wannan labari da wani saƙon da ke zuwa mata daga ganye. Maƙalar ta duba sukar da aka yi wa wannan fahimta, sannan ta kawo tambayoyin da suka rage a kan gero da dawa a ƙasar da takin zamani ya yi tsada.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa tone gindin gero a tsakiyar damina, a gonar da aka zuba takin gida, ya ga abin da zan yi magana a kai. Inda aka dace da dunƙulen kashin shanu da ya fara ruɓewa, za a tarar da saiwoyi farare sirara sun cukuikuye shi ta ko'ina, har sai an sa yatsa an tsinke su kafin a raba su da shi. Taku ɗaya daga gefe kuwa, a cikin rairayi zalla, saiwar ta wuce ɗoɗar ba reshe sai jefi-jefi. Tsiro ɗaya ne, ƙwayoyin gadonsa ɗaya ne a ko'ina cikin jikinsa, ba shi da ido ba shi da ƙwaƙwalwa. To ta yaya ya san nan ne wurin zuba jari, can kuwa wurin wucewa?

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce, saiwar da ta samu abinci ita ce ta yi ƙiba. Shekara da shekaru masana da yawa sun tsaya a kan wannan amsa. Aikin Forde ne ya nuna ba ta isa ba, kuma na zaɓi in bi tarihin bincikensa ne domin hanyar da ya bi ta kai shi ga amsar tana da abin koyo ga matasan masu bincike.

Shekarun koyon sana'a

Forde bai fara da saiwa ba. A Edinbara, tare da Christopher Leaver, ya yi aiki ne kan masarar da ba ta fitar da ƙurar fure mai rai, irin da kamfanonin iri na Amurka suka dogara da ita wajen haɗa aure tsakanin nau'o'in masara ba tare da wahalar cire tozon kowace shuka da hannu ba. Wannan nau'i, da ake kira T, shi ne cutar ƙunar ganye ta auka wa a 1970, ta cinye wajen kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka a shekarar. A takardun da suka fitar a 1978 da 1980, sun nuna cewa maitokondiriyar wannan masara, wato ɗakin samar da kuzari na cikin tantani, tana ƙera wani ɗan furotin da ba a samunsa a masarar da ke da lafiyar fure.

Daga nan ya koma Rothamsted, tsohuwar cibiyar binciken noma da John Bennet Lawes ya kafa a 1843, inda har yau ake ci gaba da gwajin taki a kan alkama a filin Broadbalk da aka fara tun shekarar kafuwarta. A can ya yi aiki kan ƙwayoyin gadon furotin ɗin da sha'ir ke tarawa a cikin tsabarsa, ya kuma yi aiki kan enzayim ɗin da ke mayar da amoniya gulutamin a cikin kumburin saiwar wake, inda ƙwayoyin bakteriya ke kama naitirojin daga iska. A 1996 shi da abokan aikinsa suka ware ƙwayoyin gadon da ke ƙera ƙofofin shigar naitiret a saiwar sha'ir, irin ƙofofin da ke iya tsamo shi ko da ya yi ƙaranci ƙwarai a cikin ƙasa.

Wanda ya kalli waɗannan shekaru kusan ashirin daga nesa zai ce tsalle-tsalle ne daga wannan batu zuwa wancan. A ganina koyon sana'a ne. A cikinsu ya iya ware ƙwayar gado, ya iya dasa ta a wani tsiron, ya iya gano a wane sashe na jiki take aiki, kuma sannu a hankali duk hanyoyin suna karkata zuwa naitirojin. Da tambayar saiwa ta zo gabansa, kayan aikin amsa ta suna hannunsa.

Tambayar da Drew ya bari

Tambayar ba Forde ya ƙirƙiro ta ba. A tsakanin 1973 da 1975, Malcolm Drew da abokan aikinsa a ɗakin bincike na Letcombe da ke Ingila sun ratsa saiwar sha'ir guda ɗaya ta cikin ɗakuna uku a jere, kowanne da ruwan takinsa. Na sama da na ƙasa an ba su naitiret ɗan kaɗan, na tsakiya kuwa an ninka masa sau ɗari. Sakamakon ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sani a wannan fanni: saiwa siririya a sama, siririya a ƙasa, a tsakiya kuwa ta yi tuntu da rassa masu yawa da tsawo. Fosfet ya haifar da haka, amoniyam ma ya haifar, amma fotashiyam bai haifar ba. Drew ya kuma nuna cewa wannan ɗan yanki yana ƙara ƙaimi wajen zuƙar takin, har ya kusa cike wa tsiron gurbin abin da sauran saiwar ta rasa.

Batun fotashiyam ya kamata ya tsayar da mutane. Shi ma abinci ne da tsiro ba ya rayuwa sai da shi. Idan samun abinci ne kaɗai ke sa rassa su yi yawa, me ya hana shi yin abin da sauran suka yi? Amma a shekarun 1970 babu hanyar shiga cikin tantani a tambaye shi, saboda haka maganar ta kwanta.

Faranti mai gida uku

Forde da abokin aikinsa Hanma Zhang sun ɗauko gwajin Drew suka mayar da shi kan Arabidofsis, wata 'yar ciyawa dangin kabeji da ba a ci ba a sayarwa, amma wadda masana suka zaɓa domin tana kammala rayuwarta cikin makonni kaɗan kuma kundin ƙwayoyin gadonta ƙarami ne. Zan ɗan tsaya a kan yadda aka yi gwajin, domin sauƙinsa shi ne ƙarfinsa.

Ana zuba wani daskararren ruwa garai-garai da ake kira aga a cikin faranti, a bar shi ya sandare. Sai a sa wuƙa a yanke siraran layuka biyu a cire, ya zama agar ta rabu gida uku da 'yar tazarar iska a tsakaninsu, yadda abin da aka zuba a gida ɗaya ba zai malala zuwa wani ba. A gidan tsakiya a sa naitiret milimola 1, a bar na sama da na ƙasa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ɗora ɗan tsiro a gidan sama, a jingine farantin a tsaye. Uwar saiwa za ta gangaro a kan fuskar agar, ta tsallake tazarar farko, ta ratsa gidan tsakiya, ta tsallake ta biyu. Bayan kwanaki sai a ɗauki ma'auni a auna tsawon kowane reshe. A farantin kwatanci ana sa gishirin fotashiyam marar naitiret a tsakiya, domin kada a ce fotashiyam ɗin da ke tare da naitiret ne ya yi aikin.

Rassan gidan tsakiya sun ninka na kwatanci sau biyu zuwa uku a tsawo. Wannan maimaicin Drew ne. Sabon abu ya zo ne daga gwaje-gwajen da suka biyo baya, waɗanda aka bayyana a mujallar Science a 1998 da kuma takarda ta biyu a 1999.

Kafin tsiro ya amfana da naitiret, dole wani enzayim ya fara sauya shi, daga nan ya zama amoniya, daga nan ya shiga ginin furotin. Akwai Arabidofsis mai tawaya wadda wannan enzayim na farko ya kusa mutuwa a jikinta, wato tana iya haɗiyar naitiret amma da ƙyar take sarrafa shi. Idan ƙiba ce ke sa rassa tsawo, wannan tsiro bai kamata ya amsa ba. Da aka ɗora shi a farantin, ya amsa. Sai aka juya gwajin, aka sa gulutamin a gidan tsakiya, wato naitirojin da aka riga aka sarrafa, wanda saiwa za ta ci kai tsaye. Rassa ba su yi tsawon ba. Abinci ya samu amma ba a amsa ba, a ɗaya gefen kuma an amsa ba tare da an ci ba. Da waɗannan biyu aka raba ci da ji. Sun kuma nuna cewa tsinin reshen ne ke ji, domin reshen da tsininsa ke cikin naitiret shi ne ke ƙara saurin haihuwar sababbin tantani.

Sannan ga ƙwayar gadon. Suna binciken ƙwayoyin gadon da naitiret ke tayarwa a saiwa ne suka ci karo da wadda suka sa wa suna ANR1. Abin mamaki, ta fito ne daga dangin da ake kira MADS, waɗanda a lokacin aka san su da tsara fure, su ne ke cewa nan ganyen fure zai fito, nan kuma mazaunin iri. Aikin irin waɗannan ƙwayoyin gado shi ne kunna wasu da kashe wasu. Da Zhang da Forde suka danne ANR1, tsiron ya ci gaba da fitar da rassa yadda ya saba, amma ya daina bambanta gidan tsakiya da sauran. Naitiret na nan, saiwa na nan, amma labarin ba ya isa inda ake yanke shawara. Wannan ne karo na farko da aka kama wata ƙwayar gado da hannu a cikin wannan ɗabi'a ta saiwa.

Saƙo biyu masu karo da juna

Takardar 1999 ta ƙara wani abu da nake ganin ya fi ANR1 amfani ga masu aikin gona. Idan aka ba dukan saiwar naitiret mai yawa, daga sama da milimola 10 har zuwa 50, rassa ba sa ƙaruwa, tsayawa suke yi. Suna ɓullowa daga jikin uwar saiwa sai su daskare a nan, 'yan gajeru. Wannan dannewa ta fi tsanani a tsiron nan mai tawaya da ke tara naitiret a jikinsa ba ya iya sarrafawa, kuma tana sassautawa idan aka ƙara sukari a cikin agar. Ma'ana tsiron yana auna yawan naitirojin da ke jikinsa a kan yawan sukarin da ganye ke samarwa, sannan ya aiko wa saiwa da umarni.

Saboda haka naitiret yana magana da saiwa ta baki biyu. Daga waje, a tsinin reshe, yana cewa akwai abinci a nan. Daga ciki, ta hanyar ganye, yana cewa an ƙoshi ko ba a ƙoshi ba. Kamar mai cefane ne a kasuwa: ganin kaya a rumfa yana jan ƙafarsa, amma abin da ya baro a rumbun gida shi ke yanke ko zai kwance bakin aljihu. Forde ya tsara wannan fahimta a wani dogon sharhi da ya wallafa a 2002 kan saƙonnin kusa da na nesa, bayan ya koma Jami'ar Lankasta, kuma a kan wannan tsari ne aka gina yawancin binciken da ya biyo baya.

Wa ke jin naitiret ɗin?

ANR1 tana cikin tantani, ba ta taɓa ƙasa. Dole akwai mai tsaron ƙofa da ke fara jin naitiret ya isar mata. Amsar ta zo daga wasu ɗakunan bincike. Tun 1993 Yi-Fang Tsay, tana aiki tare da Nigel Crawford a Amurka, ta ware ƙwayar gadon wata ƙofar shigar naitiret da yanzu ake kira NRT1.1. A 2006 ƙungiyar Alain Gojon a Monfeliye ta Faransa, tare da Forde, ta raba saiwar tsiro gida biyu, rabi a naitiret mai yawa rabi a kaɗan. Tsiron da ba shi da NRT1.1 ya kasa mamaye gefen mai yawa, kuma ANR1 ta yi sanyi ƙwarai a tsinin rassansa, alhali ba ƙarancin abin da ya zuƙa ne ya jawo haka ba. A 2009 ɗakin binciken Tsay a Taiwan ya nuna cewa ana iya lalata aikin shigarwa na wannan furotin amma aikin ji ya ci gaba. Ƙofar ita ce kuma kunnen.

A 2010 Gabriel Krouk da abokan aikinsa a Monfeliye suka gano cewa NRT1.1 tana kuma ɗaukar oksin, homon ɗin da reshe ke buƙata kafin ya yi tsawo. Inda babu naitiret, tana kwashe oksin daga tsinin reshe, sai reshen ya tsaya. Inda akwai naitiret, kwashewar na tsayawa, oksin ya taru, reshe ya miƙe. Saƙon nesa kuwa, ƙungiyar Yoshikatsu Matsubayashi a Nagoya ta Japan ce ta warware wani babban sashe nasa a 2014 da 2017: saiwar da ke cikin yunwa tana aika wasu ƙananan furotin da ake kira CEP zuwa ganye, ganye ya mayar da wani saƙon ƙasa, wanda ke sa saiwar da ke cikin wadata ta ƙara zuƙa. A 2022 kuma aka nuna cewa wani furotin na cikin tantani, NLP7, shi ma yana kama naitiret da kansa.

Ba duk abin da Forde ya faɗa a farko ne ya tsaya yadda ya faɗe shi ba, kuma ya dace a ce haka a fili. A 1999 sun ba da rahoton cewa wani tsiro mai tawayar jin oksin, axr4, ba ya amsa naitiret na gidan tsakiya, amma ɗakin binciken Ottoline Leyser a York ya samu akasin haka a 2002. Ita kanta ANR1, da aka fara saninta a matsayin wadda naitiret ke tayarwa, ɗakin Forde ne da kansa ya wallafa a 2005 cewa a manyan tsirrai da ake reno cikin ruwan taki yunwar naitirojin ce ke tayar da ita, dawowar naitiret kuma ta kwantar da ita. Ina girmama wannan takarda ta 2005 ƙwarai, domin ta dagula labarin da ya yi masa suna, kuma shi ya fitar da ita.

Gulutamet

A Lankasta ya buɗe wani babin. A ƙasar da ba a zuba mata takin zamani, yawancin naitirojin yana ɗaure ne a cikin ruɓaɓɓun ganye da kashin dabbobi. Shin saiwa tana jin irin wannan wuri ma? A 2006 shi da Pia Walch-Liu suka nuna cewa gulutamet, ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin, idan ya taɓa tsinin uwar saiwa ko da ɗan kaɗan ne, yana rage mata gudu ya sa ta fitar da rassa a kusa da wurin. Makusantansa irin su asfatet ba su yi haka ba, kuma nau'o'in Arabidofsis sun bambanta ƙwarai wajen jinsa, wanda ake kira C24 ya fi kowa. A 2008 suka ƙara da cewa naitiret, ta hanyar NRT1.1, yana iya soke wannan tasiri.

Abin da ya ja hankali shi ne gulutamet ne babban ɗan aike tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwar dabbobi, kuma tun 1998 ɗakin binciken Gloria Coruzzi a New York ya gano cewa tsirrai na da dangin furotin ɗin da ke karɓarsa. Arabidofsis na da ƙwayoyin gado 20 na wannan dangi. Forde ya ƙirƙiro hanyar renon 'yan tsirrai a faranti mai ramuka 96 domin gwada sinadarai da yawa a lokaci guda. Magunguna 80 da aka sani suna aiki a kan masu karɓar saƙo na jijiyoyin dabbobi ba su yi komai ba. Sai da aka gwada wasu sinadarai sama da 1,500 kafin aka samu masu toshe tasirin, kuma ta nan aka kai ga ƙwayar gadon MEKK1, wadda aka fi sani da aikin kare tsiro daga cuta. An wallafa wannan a 2013. Wannan babi bai kammalu kamar na naitiret ba, amma shi ya fi kusa da gonar da takin gida ne abincinta.

Sukar da ba a kau da kai daga gare ta

Masana muhallin tsirrai sun yi wata tambaya mai nauyi, musamman David Robinson a 1996. Naitiret yana narkewa, yana tafiya da ruwa zuwa ga saiwa da kansa. Saiwa kaɗan ta isa ta kwashe shi, kuma sau da yawa kafin rassan su gama fitowa an riga an zuƙe shi ko ruwa ya wanke shi. To me ya sa tsiro zai kashe sukarinsa a kan rassan da ba ya buƙata? Fosfet ne, da ba ya motsi a cikin ƙasa, ya cancanci a bi shi har inda yake. A 1999 Robinson da Angela Hodge da Alastair Fitter da abokin aikinsu suka kawo amsa: ribar tana bayyana ne idan akwai gasa. Idan tsirrai biyu na neman wuri ɗaya da ke sakin naitirojin a hankali, wanda ya fi zuba saiwa a wurin shi ke kwashe kaso mafi girma.

Wannan suka tana rage wa masu ɗokin kai ANR1 gona kai tsaye ƙarfin gwiwa, kuma daidai ne ta rage. A gonar da aka shuka iri ɗaya aka wadata ta da taki, shuka mai yawan rassa maƙwabciyarta kawai take ƙwacewa, amfanin gonar bai ƙaru ba. Haka nan a jigawa mai rairayi, inda ruwan sama ke gangarar da naitiret ƙasa, Jonathan Lynch na Jami'ar Jihar Pennsylvania ya daɗe yana kawo hujjar cewa saiwa mai nutsewa da rassa kaɗan dogaye ta fi kama naitirojin da ruwa. Ga kuma gaskiyar cewa agar faranti ba ƙasa ba ce. Wani wurin da aka ga riba a fili shi ne a shinkafa, lokacin da ƙungiyar Chengcai Chu a Sin ta nuna a 2015 cewa bambanci a ƙwayar gadon NRT1.1B yana cikin dalilan da suka sa shinkafar indika ta fi ta jafonika amfani da naitiret, kuma da aka sa nau'in indika a cikin jafonika amfanin ya ƙaru.

Abin da ya rage mana

An ƙiyasta a 1999 cewa hatsin duniya yana kama kusan kashi 33 cikin ɗari ne kawai na naitirojin da ake zuba masa. Matsalar Turai ke nan, taki ya yi yawa yana gurɓata ruwa. Tamu ta sha bamban. Lokacin da shugabannin Afirka suka yi taron taki a Abuja a 2006, matsakaicin abin da ake zubawa a kudu da Sahara kilo 8 ne na sinadarin taki a hekta, suka sa burin kai shi 50. Manomin da ya sayi tiya biyu na kamfa ba zai watsa ta a gona ba, a gindin shuka zai sa ta.

Wannan shi ne abin da masu bincike na ICRISAT a Sadore ta Nijar, cikinsu har da André Bationo, suka inganta suka yaɗa: giram 6 na kamfa ko giram 2 na DAP a kowane ramin shuka, wanda a ramuka 10,000 ya kama kilo 60 ko kilo 20 a hekta. Haka ramukan tassa da ake zuba wa taki da hannu a yankin Tawa. Duka biyun gidan tsakiya ne na farantin Forde, an haƙa shi a gona. Kuma sharuɗɗan da Robinson ya ce sai da su yawan rassa ke biya, wato taki a wuri ɗaya, mai saki a hankali, da maƙwabta masu gasa, su ne yanayin gonar da aka haɗa gero da wake ga kuma ciyawa na jira.

Sai dai a yi hattara. Ƙasar Sahel fosfet ta fi rasa, kuma yawancin tashin farko da ake gani a shukar da aka sa wa taki a rami daga fosfet yake zuwa. Hanyar jin fosfet daban take da ta naitiret. Yuriya kuma sai ta zama amoniyam kafin ta zama naitiret, kuma ɗakin binciken Nicolaus von Wirén a Jamus ya nuna a 2010 cewa amoniyam yawan rassa yake ƙarawa, naitiret kuma tsawonsu. Saboda haka saiwar geron da ke cikin ramin kamfa saƙo uku take karɓa a lokaci guda, kuma ba mu da ikon ɗauko amsar Arabidofsis mu ɗora mata. Gero ma tsarinsa daban ne: binciken da aka wallafa daga Monfeliye a 2016 ya nuna saiwarsa ta farko tana nutsewa da sauri ƙwarai kafin ta fara rassa, kuma rassan nata iri uku ne.

Ina ba da shawarar gwaji uku da cibiyoyinmu, irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, da INRAN a Nijar, za su iya yi ba tare da na'ura mai tsada ba. Na farko, a maimaita gwajin Drew a kan nau'o'in gero da dawa na gargajiya da ingantattu, a raba saiwa cikin tukwane biyu na rairayi, a ga ko sun bambanta wajen mamaye gefen da ke da taki, kamar yadda nau'o'in Arabidofsis suka bambanta a kan gulutamet. Irin da manoma suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓa a ƙasa marar taki yana iya riƙe da abin da irin da aka tace a filin gwaji mai taki ya zubar. Na biyu, a haɗa wannan da ƙuduji, domin an tabbatar cewa dawa mai yunwar fosfet ko naitirojin tana ƙara fitar da sinadarin da ke tayar da irinsa daga barci, kuma muna buƙatar sanin ko ƙosar da gefe ɗaya na saiwa ya isa ya rage fitarsa a dukan saiwar.

Na uku ya shafi zurfi. Idan taki a rami yana tara rassa a saman ƙasa, akwai fargabar shuka ta rasa saiwa mai zurfi a lokacin da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fitar da kai. Akwai kuma yiwuwar akasin haka, cewa shukar da ta tashi da ƙarfi tun farko ita ce ke samun sukarin nutsewa. Za a raba gardamar ne da sa taki a zurfi daban-daban, a haƙa rami a gefen shuka lokacin fure a ƙirga saiwa mataki-mataki har ƙasa, sannan a auna tsaba bayan girbi, a shekarar da ruwa ya wadata da kuma shekarar da ya yi gardama.